Robar da ke gumi: wanki da ajiyar 'yan tsanar roba

 

Yau za mu taɓa wani kaya da ba a cika ɗaukarsa da nauyi ba, wato 'yan tsanar roba da sauran ƙananan mutum-mutumi na roba, irin su bebi, da zaki, da doki, da jaruman fim masu ƙaton kai. Na san wani dattijo zai ce, "Yaro, duk abin da ke damunmu a kan iyaka, sai bebin roba?" A yi mini haƙuri, Baba. Wanda ya zuba jarinsa a kwali ashirin na wannan kaya don kasuwar Sallah, ya buɗe ya tarar sun manne da juna suna danƙo kamar alewa, shi ya san ba wasan yara ba ne. Kuma robar da aka yi su da ita, ita ce dai a jikin takalmin roba da makiyayi ke bin shanu da shi, da rigar ruwa, da fatar wayar lantarki, da tiyon ban ruwa. Abin da ke kashe wannan shi ke kashe wancan. Maganar halaccin sayar da abu mai siffar mai rai kuwa, wannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi malaminsa. Mu dai batun kayan za mu yi.

Mu fara da ita robar. Sunanta PVC, wasu na ce mata binil. A asalinta tauri gare ta, ita ce ake yin farin fayif na ruwa da ita. A shekarar 1926 wani masanin haɗa sinadarai a Amurka, Waldo Semon, da ke aiki a kamfanin taya na B.F. Goodrich, ya gano yadda za a cuɗa ta da wani irin mai ta yi laushi. Mu kira shi man laushi. A cikin roba mai taushi sosai, wannan mai kan kai kashi uku cikin goma na nauyinta, wani lokaci ma ya wuce. To ga inda gizo ke saƙa: man bai zama jiki ɗaya da robar ba, zaman haya yake yi a cikinta. Kullum yana neman hanyar fita, zafi kuma shi ke buɗe masa ƙofa.

Ku makiyaya kun fi kowa gane wannan. Majemi in ya jeme fata yakan shafe ta da mai ta yi laushi, in man ya gudu fata ta bushe ta tsage. Bambancin kawai, fata ana iya sake shafa mata mai ta farfaɗo, roba kuwa in nata ya fita ya fita kenan. Da farko za ka ji jikinta na danƙo, ƙura na manne mata. Daga nan ta ƙandare, launi ya koɗe ko ya koma rawaya, ƙarshe hannu ko wuya ya ɓalle. Masana sinadarai na da wani lissafi na kusan-kusan, cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yakan ninka saurin irin wannan lalacewa. Ku auna da garuruwanmu. A Konni, ko Maraɗi, ko Illela, watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka rufe a rana yana haura 60. Kwalin da ke can saman lodi, daf da tamfol, ko wanda aka cusa ƙarƙashin rufin kwano a shago, dafuwa yake yi a hankali.

Tafiyar kayan ma ta ƙara tsawo. Yawancin waɗannan 'yan tsana daga Sin suke fitowa, daga masana'antun Shantou da babbar kasuwar Yiwu, su yi makonni a kwantena bisa teku. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya a 2023, kaya da yawa sun koma hanyar Lome su ratso Burkina, ga jiran ayari, ga jiran rakiya. Kafin kwali ya iso hannunka ya riga ya sha rana. Kada kai ma ka ƙara masa.

Yanzu ga wani abu da 'yan gwanjo ya kamata su buɗe kunne su ji. A Turai da Amurka da Japan akwai manyan mutane, masu gemu da iyali, da ke tara irin waɗannan mutum-mutumi kamar yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi ko kan sarki. Ba sa ba yara, jera su suke yi a kabad mai gilashi. Mafi shahara su ne na kamfanin Funko na Amurka, wanda aka kafa a 1998, ya fito da samfurin da ake kira Pop a 2010. Za ku gane su: tsawonsu bai wuce santimita 10 ba, kai ƙato mai kusurwa huɗu, idanu baƙaƙe kamar maɓalli, yawanci babu baki, cikin ɗan kwali mai taga da lamba a sama. Akwai kuma Labubu na kamfanin Pop Mart na Sin, mai kunnen zomo da haƙora tara, jikin gashi fuskar roba, wanda matan birni ke ratayawa a jaka. A watan Yunin 2025 an yi gwanjon wani ƙaton Labubu a Beijing a kan yuwan miliyan 1 da dubu 80, kimanin dala dubu 150. Dalar Amurka nake nufi fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Irin waɗannan kan faɗo cikin dilar kayan wasa ta gwanjo, a haɗe da tarkace. Amma kada a yi wa rogo kallon kitse. Mafi yawansu ba su da wata daraja ta musamman. Shi kansa Funko a 2023 ya sanar zai zubar da kaya na dala miliyan 30 zuwa 36, don sun cika masa sito, kuɗin ajiyarsu ya fi ƙarfin ribarsu. Jabu kuma sun yi yawa, har na Labubu sun sami sunansu na kansu, Lafufu. A ganina duk wanda ya ce maka ka sayar da tunkiya ka zuba kuɗin a bebin roba don zai yi tsada nan gaba, ka riƙe tunkiyarka. Abin da nake cewa kawai, in ka ci karo da mai nauyi a hannu, mai fenti tsaf, da sunan kamfani da shekara a tafin ƙafa ko ƙarƙashin kai, ware shi gefe. In da kwalinsa ya zo, kada ka yaga, kada ka rubuta farashi a kai da biro ko maka, kada ka manna masa salatif. Wajen masu tarawa kwalin nan kamar takardar duwan yake ga mota. Mota na tafiya ba takarda, amma ka san yadda farashinta ke faɗuwa. Ka sa yaronka mai waya ya ɗauki hoto ya duba a intanet kafin ka zuba shi a tarin na ɗari-ɗari.

To, wanki. Nan ne aka fi ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta.

Kafin ruwa, a kaɗe ƙura. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka sa tsumma ka goge a bushe, kamar ka sa sanfefa ne, sheƙin ya tafi. Hura da baki, ko ka sa burushi mai taushi irin na masu zane, ko gashin kaza mai tsabta. Da yawa daga cikinsu iyakar abin da suke buƙata kenan.

In dauɗa ta kama, a samo ruwa mai ɗumi-ɗumi, irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi. A ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, ɗigo biyu ko uku a kwano. A tsoma farin ƙyalle, a matse, a riƙa shafawa a hankali. Lungu-lungu, kamar tsakanin yatsu da cikin kunne, a bi da tsohon burushin haƙori mai taushi ko auduga a kan tsinke. A sake bi da ruwa zalla, don sabulun da ya bushe a jiki shi ma jan ƙura yake yi. Sai a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ban da shanya a rana, ban da kusa da murhu.

Kada a dulmuya su cikin bokiti. Yawancinsu kai da ciki holoƙo ne, ruwa na shiga ta wuya ko ta hammata ya zauna, bayan sati biyu ka ji wari, ka ga baƙin fumfuna na fitowa ta mahaɗa. Masu kai mai rawa kuwa akwai sifirin na ƙarfe a wuyansu, tsatsa zai yi. Mai batir, a cire batirin tun kafin a taɓa ruwa, kuma ko ba wanki, kada a ajiye shi da batir a ciki, zafi na sa batir ya yi amai ya cinye wayoyin. Labubu da ire-irensa masu jikin gashi, fuskar kawai ake gogewa, gashin a taje shi a bushe.

Ga abin da na fi so ku riƙe a duk shirin nan. Mu nan bakin iyaka fetur ya fi komai kusa da hannu, kowace kwana ga ɗan ruwa-ruwa da kwalabensa. An saba, in tabo ya ƙi fita sai a ce a ɗan sa fetur. A kan robar nan, fetur da kananzir suna tsotse man laushin ne su fito da shi waje. Nan take za ka ga ta yi fes kana murna, bayan kwana kaɗan ta ƙandare. Tina ta masu fenti da ruwan goge jan farce sun fi muni, su narkar da fuskar robar suke yi, ido da gira su bi tsumma. Sifirit na ɗaga fenti. Bilic, wanda wasunmu ke ce wa jabel, yana cinye launi. Omo, da toka, da soson ƙarfe, da yashin wanke tukunya, duk a bar su wa tukunya. Garin gyaran gira ake rasa ido. In dole sai ka gwada wani abu, gwada a tafin ƙafa inda ba mai gani, ka jira kwana ɗaya. Haka nan wajen lodi, kwalin 'yan tsana da jarkar fetur ba sa zama wuri ɗaya. Ko bai zube ba, warin na shiga roba, kuma uwa ba ta saya wa ɗanta abin da ke warin mai.

Wadda ta riga ta fara danƙo fa? A wanke ta da ruwan sabulu kamar yadda na faɗa, danƙon zai tafi. Amma zai dawo, wata uku ko shekara, gwargwadon zafin wurin, don daga ciki yake fitowa. Kada a shafa mata basilin, ko man gyaɗa, ko man shanu da sunan mayar mata da mai, ƙura kawai za a gayyato. Ɗan kasuwa, irin wannan ka ware ta daga cikin masu lafiya, ka rage mata kuɗi, ka gaya wa mai saye gaskiya. Tabon biro da na maka kuwa, shiga cikin robar suke yi su zauna, wanki ba ya kai musu.

Wadda ta lanƙwashe saboda danni, ƙafa ta karkace ba ta iya tsayuwa, wannan tana da magani. A tsoma wurin da ya lanƙwashe kaɗai cikin ruwan zafi wanda bai tafasa ba, kamar rabin minti, a miƙe shi da hannu a hankali, a riƙe, a tsoma cikin ruwan randa. Zai tsaya yadda aka miƙe shi.

Sai ajiya. Kun taɓa buɗe kwalin tsohuwar rediyo ko fanka, kuka tarar wayar ta nutse cikin farin soson nan mai ƙas-ƙas, ta manne kamar an ƙona? Ba wuta ba ce. Man laushin wayar ne ya fito ya narkar da soson. Haka yake faruwa in bebin roba mai taushi ya daɗe yana jingine da motar wasa mai tauri, irin robar da ke fashewa in an taka. Sai ka ga tabon narkewa a jikin motar daidai inda suka haɗu. Don haka masu taushi daban, masu tauri daban, kuma kada a shimfiɗa musu wannan farin soso.

Robar nan kuma tana shan launi kamar yadda zare ke shan baba a marina. In ka naɗe ta da jarida, rubutun zai hau jikinta. In ka naɗe da atamfa, ko baƙin yadi, ko shuɗi, rinin zai shige ta, ba ya fita har abada. Jar 'yar tsana in ta kwana watanni jikin fara, farar za ta tashi da jan kumatu. Robar ɗaure kuɗi da ake ɗaure su da ita uku-uku tana narkewa ta bar zobe. Ƙarfe ma haka. Masu tara tsofaffin Barbie, 'yar tsanar da kamfanin Mattel ya fito da ita a 1959, sun san wata cuta da ke sa kunnenta ya koma kore, kuma ba komai ke jawo ta ba sai 'yan kunnen ƙarfe da aka bari a jiki shekara da shekaru. Abin da ya fi dacewa shi ne farin ƙyallen auduga da aka wanke, ko farar takarda marar rubutu, kowace da nata.

Baƙar leda da ake ƙulle su a ciki tamau, ita ma a rage. Man da ke fita ba ya samun hanyar wucewa, sai ya koma ya kwanta a jikinsu, shi ya sa wani lokaci wadda ba a taɓa buɗewa ba ta fi danƙo. Kwali mai 'yar kafar iska ya fi. A ɗora kwalayen bisa katako ko bulo, tazarar taki ɗaya daga ƙasa da bango, saboda gara da damshin damina. Kada a tara su har sama, na ƙasa zai murƙushe. In kana da zaɓi tsakanin shagon kwano da ɗakin ƙasa mai rufin azara, kai su ɗakin ƙasa, ya fi sanyi nesa ba kusa ba. In shagon kwanon ne kawai, to su zauna a ƙasa-ƙasa, a sa abin da zafi bai dame shi ba a sama. 'Yan ƙullin nan masu ƙwaya-ƙwaya da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kada a zubar, a jefa cikin kwalin da damina, suna tsotse laima, amma a nisanta su da yara. Kafur da fiya-fiya kada su taɓa kayan, a sa maganin a ƙasa ko jikin bango. Hayaƙin girki da na turaren wuta na mayar da farar roba ruwan ƙasa.

Ranar kasuwa fa? Na sha ganin yadda ake yi, daga kasuwar Alhamis ta Maigatari har ƙananan kasuwannin ƙauye: a baza komai bisa tabarma tun hantsi har la'asar, a kwashe, mako mai zuwa a sake. Kasuwa huɗu ko biyar, ja ya koma ruwan hoda, shuɗi ya yi fari-fari. Fitar da ɗaya-ɗaya na kowane iri a matsayin samfur, sauran su zauna cikin kwali ƙarƙashin tebur ko rumfa. Samfurin in ya koɗe ka yi asarar guda ɗaya.

Iyaye mata da ke ruga da na gari, ga naku. Wannan man laushi ba abin tsotsa ba ne. Tarayyar Turai ta taƙaita wasu nau'o'insa a kayan wasan yara, ta fara a 1999 ta tabbatar a 2005, Amurka ta bi a 2008. Kayan gwanjo da suka girmi waɗannan shekaru, da marasa suna da ke shigowa ba a san wanda ya yi su ba, dokar nan ba ta bi ta kansu ba. Wasu tsofaffin ma akwai dalma a fentinsu, ko a 2007 sai da Mattel ya janye kayan wasa masu ɗimbin yawa daga kasuwa saboda haka. Duk wadda ke danƙo, ko fentinta ke ɓarewa, ko ido ke shirin fita, kada a ba yaron da ke kai komai baki. Jabun Labubu ma hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a 2025, don suna ɓallewa gunduwa-gunduwa yaro ya shaƙe. Ɗan san da yaro ke ginawa da yumɓu a bakin tafki, ko 'yar tsanar kara, ba su da wannan matsala.

In ta mutu kuma, kada a jefa ta wuta. Hayaƙin PVC na ɗauke da iska mai ƙona maƙogwaro da ido, ko tsohon takalmin roba ne kada a hura wutar girki da shi, kada a yi wa shanu hayaƙin sauro da shi. Kada kuma a yar da gutsattsarin a makiyaya ko kusa da turke. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu da rani, lokacin da dabba ke lasar duk abin da ta samu a ƙasa. A tara a buhu, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne.

Shi kuma takalmin roban, Ardo, in an dawo daga kiwo a ɗauraye shi da ruwa a tura ƙarƙashin gado ko inuwar bukka. Kada a bar shi bakin wuta ya bushe, kada a bar shi kan dutse da tsakar rana.

Lokaci ya yi mana halinsa. Masu hanya Allah ya kai ku lafiya, masu kiwo Allah ya ba da ciyawa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.